Kwarin Rima a kan Tebur: Nazari kan Gina Ƙasar Ɗan Ƙaramin Jirgi

Jirgin ƙasa bai taɓa kuka a Wurno ba, haka ma Rabah da Goronyo. Dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau, a Ƙauran Namoda ya ci birki tun 1929. Duk da haka, kwarin Rima wuri ne mai kyau na gwada fasahar nan da ta yi ƙarfi a Turai da Amurka, inda ake shimfiɗa ɗan ƙaramin dogo a kan tebur, a kewaye shi da gonaki da garuruwa. A ganina, jirgin shi ne mai sauƙi, domin sayensa ake yi. Wahalar tana ga ƙasar.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne HO, wato kashi 1 cikin 87. Da shi ake aiki a Miniatur Wunderland, gidan nunin irin waɗannan ƙananan jirage na Hamburg da aka buɗe a 2001. A wannan ma'auni, ƙato bai wuce santimita 2 ba, tsohon dogonmu mai faɗin milimita 1,067 kuma ya koma milimita 12. To, a ɗauki madatsar Goronyo da aka kammala a 1984. Tsayinta na mita 21 zai zama santimita 24, taƙi ɗaya da 'yar ɗoriya. Amma tsawonta na kilomita 12.5 zai ci mita 144, ya zarce filin ƙwallo. Ke nan ba ɗakin da zai ɗauke ta. Dole magini ya bar tsayi yadda lissafi ya ba shi, ya matse tsawo, ya zaɓi abin da ido zai gane wurin da shi: ƙofofin ruwa, ɗan yanki na bango, kwalekwale ɗaya.

Wurno ta fi ba da sha'awa, saboda zamanta a kan tudu tana kallon fadama. Wanda ya gina ta a shafe ya ɓatar da dalilin da ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi a can, inda kabarinsa yake tun 1837. Sai an ɗaga tudun tukuna, a zuba masa jar ƙasa da tsakuwa, sannan a gangaro zuwa baƙar lakar da ake dasa albasa da tafarnuwa da shinkafa.

Daga nan sai yanayi, kuma nan ne ciyawar roba da ake sayowa daga waje take yaudarar mutum, don korenta na ƙasar da ba ta san rani ba ne. Tebur ɗaya ba ya ɗaukar damina da rani tare. In rani aka zaɓa, jigawa za ta zama fari-fat da kututturen gero, kore ya tsaya a bakin ruwa kawai. Gawo kuwa shi ke tona asirin wanda bai lura ba: da rani yake cika da ganye, da damina ya kaɗe. Duk wanda ya sa koren gawo a tsakiyar gero mai bununi, manomin Rabah zai gane kuskuren kafin ya gama sallama.

Kayan aikin suna nan a gida. Yaran da ke ƙera motar kara sun riga sun san sirrin: a feƙe ɓawon kara ya zama ƙusa da sanda, a yanka totuwarsa ta zama taya ko bango. Da irin wannan hannu za a yi rumbu mai santimita 3, da gadar dogo, da gangar giginya. Yumɓu yana tsagewa in ya bushe, sai an cakuɗa shi da ɗan rairayi da yankakkiyar ciyawa kamar yadda magina ke yi. Ƙasar da za a barbaɗa a kai kuma a tankaɗe ta da rariya mai laushi, a kama ta da ruwan ƙaro, domin tsakuwa mai girman ƙwayar dawa, a ma'aunin HO, dutse ne da ya fi kan mutum.