Tarihin ruwan gishiri da sukari, maganin da ke cikin ɗakin girkinmu

A daminar 1985, bayan yunwar da mutanenmu ke kira El Buhari, ƙanena ya rasu yana da wata goma sha huɗu. Zawo ya yi na kwana uku. Lokacin ban shiga lakwal ba, amma ina tune da kakarmu ta hana a ba shi ruwa, wai ruwa ne ke ƙara gudun cikin. An jiƙa masa sabara, an dama garin kuka, da maɗigarsa ta faɗa aka kwaɓa magani aka shafa masa a ka. Ba wanda ya yi sakaci, kowa ya yi abin da ya gada. Sai da na je makarantar horon malamai na gane cewa abin da zai iya riƙe yaron, da ikon Allah, yana cikin ɗakin innarmu a wannan dare: gishiri a ƙoƙo, sukari a gwangwani, ruwa a randa.

Wannan haɗi yana da tarihi, kuma ina ganin ya kamata iyaye da malamai su san shi. Likitoci sun daɗe da gane cewa abin da ke kashe mai zawo shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa. A 1831, da kwalara ta shiga Ingila, wani likita ɗan Ailan, William O'Shaughnessy, ya auna jinin masu cutar ya tarar ruwa da gishiri sun ragu ƙwarai. A 1832 Thomas Latta, likita a garin Leith na Sikotilan, ya ɗura wa marasa lafiya ruwan gishiri ta jijiya. Da yawa sun farfaɗo na ɗan lokaci sannan suka mutu, aka yi watsi da dabarar shekaru masu yawa. Daga baya an gyara ta, ta zama ƙarin ruwan da muke gani rataye a gidan likita. Sai dai ƙarin ruwa yana son allura, da ruwa mai tsabtar gaske, da hannun wanda ya koya. Talakan ƙauye ba ya da ko ɗaya.

Me ya hana a shayar da ruwan gishirin ta baki? An gwada, hanjin mai kwalara bai tsotse shi yadda ake so ba. A 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata kafa da gishiri da sukari ke shiga tare, ɗaya na jan ɗaya, ruwa kuma ya bi bayansu zuwa cikin jini. Masu bincike a Dakka da Kalkata suka gano cewa ko kwalara ba ta toshe wannan kafa. A 1968, a Dakka, David Nalin da Richard Cash da abokan aikinsu suka nuna cewa masu kwalarar da aka shayar da haɗin sun rage buƙatar ƙarin ruwa da kusan kashi 80 cikin 100.

Babban gwaji ya zo a 1971, lokacin yaƙin neman ƴancin Bangaladash. Miliyoyin mutane suka tsallaka Indiya, kwalara ta ɓarke a sansanoninsu cikin damina. A Bangaon, kusa da iyaka, ƙarin ruwa ya ƙare wa wani likitan yara mai suna Dilip Mahalanabis. Sai ya sa aka auna gishirin miya da sukarin gulukos da hodar bikarbonat, aka dama a manyan durom, ya miƙa wa dangin marasa lafiya kofuna su riƙa ba nasu. A sansanonin, wajen mutum 30 cikin 100 na masu cutar ke mutuwa. Cikin fiye da 3000 da suka bi ta hannunsa, ba a rasa ko 4 cikin 100 ba. Mafi yawan masu ba da maganin uwaye ne da ƴan'uwa.

A 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin yaƙi da zawo, ita da UNICEF suka shiga raba ɗan ƙunshin da muke kira SRO. Amma abin da ya fi jan hankalina a matsayina na malami shi ne aikin ƙungiyar BRAC a Bangaladash daga 1980 zuwa 1990. Mata ma'aikata suka bi gida gida, wajen gida miliyan 12, suna koya wa uwa ta haɗa da hannunta: gishiri tsinken yatsa uku, mazarƙwaila cikin tafin hannu, ruwa rabin lita. Bayan wasu makonni mai dubawa ya zo ya yi wa uwar tambayoyi, ya sa ta haɗa a gabansa. Kuɗin mai koyarwa ya danganta ga abin da uwar ta riƙe. Mu malamai mun san bambancin wanda ya ji darasi da wanda ya iya shi.

A Nijar ma ba mu fara daga banza ba. Tun shekarun 1960, a jihar Maraɗi, aka fara horar da ƴan agajin ƙauye da ungozomomi, a ba su ɗan akwati mai nibakin da asfirin da jan maganin ciwo. A shekarun 1980 ƙunshin SRO ya fara yaɗuwa a ƙasashenmu ta gidajen likita da rediyo, sai dai bai iso gidanmu a kan lokaci ba. A 2004 aka shawarci a haɗa shi da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, a 2006 kuma gwamnati ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. A duniya, zawo yana kashe yara fiye da miliyan 4 a shekara wajen 1980. Yau adadin bai kai rabin miliyan ba. Ruwa mai tsabta da rigakafi sun taimaka, amma wannan haɗi yana da babban kaso.

Duk da haka har gobe ina jin iyaye na cewa zawon haƙori ne, zai wuce. Shi jiki bai san dalilin zawo ba, ruwa ne kawai ke fita. Faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwa, abin da aka shafa a ka ba ya mayar da shi. Ban ce a zubar da duk abin da muka gada ba. Kunu da ruwan shinkafa suna da amfani, nonon uwa kuwa kada a tsayar da shi ko na yini ɗaya. Amma jiƙon sabara ko na bagaruwa ba ya maye gurbin ruwan da ya zube.

Idan akwai ƙunshin SRO, shi ya fi, a dama shi a lita ɗaya. Idan babu, a samu lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri, domin gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaro. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan da cokali, a ƙara bayan kowane zawo. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya yini a zubar a sake sabo. In aka ga jini a kashi, ko yaro ya kasa sha, ko idanu sun zurma jiki ya saki, ko zazzaɓi ya haɗu, a kama hanyar gidan likita ana ba shi a hanya.

Kowace shekara kafin damina ina kawo kwalbar lita da cokali cikin aji. Kowane ɗalibi sai ya haɗa da hannunsa, ya je gida ya koya wa uwarsa, bayan mako biyu in sake tambaya. Ina roƙon ƴan'uwana malamai su gwada, darasin bai wuce rabin awa ba. Innarmu ma ta koya da tsufanta. Da ɗiyata ta fari ta yi zawo tana goye, ita ta zauna da cokali har asuba, ba ta bari kowa ya karɓe ta ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya raya mana na baya.