Ɗan Birni Da Baƙauye A Littattafan Yaranmu: Waiwaye Daga Kwarbai

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya gefe guda, mu leƙa Birnin Zariya, domin akwai tambayar da ta kamata mu marubuta mu yi wa kanmu: wace irin kama muke ba mutumin ƙauye a littattafan da yaranmu ke karantawa?

Zancen birni da ƙauye tsoho ne a adabin yara. Tun zamanin Girkawa ake ba da tatsuniyar ɓeran birni da ɓeran ƙauye, kowane ya ziyarci ɗan uwansa, ya koma gida yana ganin nasa ya fi. A jihar Luwiziyana ta Amurka ma an sake ta a littafin yara mai hotuna, aka sa ɓera ɗaya ya zama na Kiriyol mazauna birni, ɗayan na Kajun mutanen karkara, don yaro ya san al'adun duka biyun. To mu fa?

Mu namu littattafan daga Zariya suka taso. A nan Hukumar Talifi ta zauna a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ita ce ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Katsina ya zo ya rubuta Magana Jari Ce don 'yan makaranta. A 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, sannan NORLA ta biyo baya a shekarun 1950, sai NNPC a 1966. Cikin 'yan birnin da suka yi wannan aiki akwai Malam Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau, marubucin Bala Da Babiya, littafin koyar da tsabta da kiwon lafiya. Ɗansa Ahmed Nuhu Bamalli, haifaffen Kwarbai, shi ya zama Sarkin Zazzau a 2020.

Wanda duk ya karanta Magana Jari Ce zai tuna baƙauyen nan da 'yan birni uku suka raba shi da akuyarsa da jakinsa, har da tufafin jikinsa. Mun sha dariya a aji. Amma a lura, Imam bai wanke birni ba, ai ɓarayin 'yan birni ne. Abin da ya maƙale a zukatan yara dai shi ne baƙauye wawa, ɗan birni mai wayo. Mu kuma marubutan da muka taso daga shekarun 1980 muka ɗora daga nan, 'yan fim suka ƙara gishiri. Baƙauye a wurinmu shi ne mai tsoron fanka, mai gaida rediyo, ko yarinyar da sai an kawo ta birni an wanke ta kafin ta isa a so ta.

Tarihin Kwarbai kuwa wani abu daban yake faɗa. Unguwa ce ta kusa da fada, mazaunin 'ya'yan sarki da masu sarauta. Bayan jihadi, lokacin da Malam Musa ya karɓi Zazzau, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, sai sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Masu sarauta a cikin ganuwa suke zaune, amma garuruwan da suke riƙe da su suna can nesa, jakadu ke zuwa karɓo haraji. Ban da wannan kuma manya suna da rinji, wato ƙauyen gona inda bayi ke noma. Dawa da geron da aka ci a manyan zaurukan birni, da audugar da masaƙa suka saƙa, da babar da aka zuba a marina, duk ta Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da sauransu suka shigo, a kan jakuna da kawunan mutane. Ko Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ai ba da iska aka ciyar da ma'aikatansa ba.

Da Turawa suka ci Zariya a 1902, sai suka tura hakimai su koma zama a gundumominsu, bauta kuma ta yi ta ja da baya har aka haramta ta ƙwata-ƙwata a 1936. Wato shekarar da Imam ke rubuta labarin baƙauyensa, a ƙauyukan Zazzau akwai tsofaffin da aka haifa a rinji. Su ba su samu shiga littafin makaranta ba. Muryar karkara da ta fito fili ita ce ta Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, amma da Turanci ya fara fita a 1954, kuma ba don yara ba.

Jama'a, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Yaron ƙauye da ya ga ana yi wa irin ubansa dariya a littafi, kunyar fartanya zai taso da ita, ya ƙosa ya gudo birni. Yaron birni kuwa zai taso yana raina hannun da ke ba shi tuwo. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da muke buƙata ɗan littafi ne mai hotuna masu launi: yaro ɗan Kwarbai ya je kaka Giwa, ya kasa bambance dawa da maiwa a yi masa dariya; ɗan uwansa ya zo kallon hawan daushe ya ɓace a lungu, shi ma a yi masa. Daga nan kowa ya koya wa ɗan uwansa abin da ya sani. Muna da marubuta, Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye masu zane a Samaru. Saura niyya.

Allah Ya sa mu dace, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.