Labarin Baro, Garin da Jirgi Ya Kafa

Baro wani ƙauye ne na Nufawa a bakin Kwara, cikin ƙasar Agaie. Kafin zuwan Turawa ba shi da wani suna, sai su da noma. A shekarar 1907 aka aiko da Gwamna Girouard ya riƙe Jihar Arewa. Shi kuwa injiniyan hanyar jirgi ne tun asali. A zamaninsa aka fara shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, mil 356, don jiragen ruwa suna iya hauro Kwara daga teku har Baro in ruwa ya cika. Ta nan aka sauke ƙarafa da kawunan jirgi.

Nan da nan ƙauye ya zama gari. Leburori suka taru daga ƙasashen sarakuna, akawuna da maƙera suka zo daga kudu. Aka gina tasha da sito-sito, Turawa suka yi gidajensu bisa tudu, 'yan kasuwa suka kafa kantuna. Dogo ya bi ta Badeggi da Minna da Zariya, ya isa Kano a 1911. Gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarowa Baro, gishiri da tufafi suna hawa.

To, amma tun garin yana cikin tashensa abin da zai kashe shi ya riga ya kama hanya. Wani dogon ya taso daga Ikko, ya haɗu da na Baro a Minna. Da fari sai an ƙetare da jirgi cikin kwale-kwalen ƙarfe a Jebba, wannan ya sa Baro ta ɗan sami sauƙi. Da aka gama gadar Jebba a 1916, sai kayan Kano suka zarce Ikko rani da damina, ba sauke-sauke, ba jiran ruwa. Baro ta koma reshe. Ta ci gaba da lodin gyaɗa lokacin cikar Kwara, har motoci suka yawaita, jiragen ruwa suka ɗauke ƙafa, jirgin ƙasa ma ya daina zuwa. Baƙi suka watse, ciyawa ta rufe dogo, unguwar ma'aikata ta zama kufai, aka bar 'yan ƙasa da komarsu da fartanyarsu.

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro, amma shekaru suka biyo baya kaya ba su zo ba, don hanyar mota ba ta gyaru ba.

Labarin nan bai yi nisa da mutanen Gusau ba. Dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, shi ya jawo kantuna da cinikin auduga. Da jirgi ya ja baya Gusau ba ta faɗi ba, don tana da ƙasar noma, da kasuwa, da hanyar Sakkwato. Garin da ya dogara ga hanya guda, ran da hanya ta kauce, shi ke nan. Allah ya kiyaye, amin.