Wa Ke Biyan Kuɗin Makaranta? Ɗaliban Sin a Ƙetare

Idan muka waiwayi tarihin ɗaliban ƙasar Sin da suka fita neman ilmi, za mu tarar cewa mai riƙe da jakar kuɗi shi ke yanke ranar tafiya, shi ke kuma yanke ranar komowa.

A shekarar 1872 gwamnatin daular Qing ta fara tura yara Amurka bisa shawarar Yung Wing, wanda shi kansa ya gama Jami'ar Yale a 1854. Yara 120 aka tura, kashi huɗu, talatin-talatin, da niyyar kowane ya yi shekara 15. Daga harajin kwastan na Shanghai ake ɗebo kuɗin makaranta da na ci da na sutura. To, amma fa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da rahoto ya isa fada cewa yaran sun ɗauki ɗabi'un Turawa, har wasu sun shiga addinin Kirista, sai aka kira su gida a 1881. Biyu kacal suka kammala digiri. Ɗaya daga ciki, Zhan Tianyou, shi ya shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Beijing zuwa Zhangjiakou, aka gama ta a 1909.

Kuɗi na biyu ta hanyar baƙin ciki suka zo. Bayan boren 'yan Boxer, an ɗora wa Sin tarar azurfa tel miliyan 450 a 1901. A 1908 Amurka ta yafe wani kaso na rabonta, bisa fahimtar cewa za a kashe shi wajen karatu. Ɗalibai 47 suka fara tafiya a 1909, aka kuma buɗe makarantar Tsinghua a 1911 don shirya masu biyo baya. Watau da dukiyar Sin aka biya, amma Amurka ce ta zaɓi inda za a je.

'Ya'yan da ba su da gatan gwamnati kuwa sai suka nufi Faransa daga 1919, su yi ƙwadago su biya wa kansu. Cikinsu har da Deng Xiaoping, wanda ya sauka a 1920 yana ɗan shekara 16. A farkon 1921 ƙungiyar da ta kawo su ta ce aljihunta ya bushe, ga aiki ya yi wuya. Deng ya bar aji bayan 'yan watanni, ya koma masana'antar ƙarfe, daga nan ta roba.

Wannan yaron da rashin kuɗi ya kora daga aji shi ne ya ba da umarni a 1978 a riƙa tura ɗalibai waje da yawa, har mutum 52 suka tashi zuwa Amurka a Disambar shekarar. Daga baya iyaye suka karɓi nauyin, yawancin masu fita da gumin gidansu suke tafiya. Saboda haka ranar komowa ta bar hannun fada, ta koma shawara tsakanin uba da ɗansa.