Mutum ya karɓi halinsa: Me masana ke cewa?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazari kan alaƙar da ke tsakanin kwanciyar hankali da yadda mutum ke kallon halinsa.

Carl Rogers, wani masani ɗan ƙasar Amurka da ya rayu daga 1902 zuwa 1987, na cikin waɗanda suka fi yin fice a wannan fanni.

A ganinsa, damuwa kan taso ne idan aka sami tazara mai faɗi tsakanin yadda mutum yake da kuma yadda yake jin ya wajaba ya kasance.

Ya yi bayanin cewa yaron da ba ya samun ƙauna sai ya cika wasu sharuɗɗa yakan girma yana ɓoye ainihin halinsa, har ya riƙa ƙyamar kansa.

Gado da sauyi

Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin hali tsakanin mutane yana da nasaba da gado.

Ke nan mai kawaici da rashin son hayaniya ba shi da wata cuta da ke buƙatar magani, kamar yadda mai yawan surutu ba shi da ita.

Sai dai duk da karin maganar da ke cewa hali zanen dutse ne, nazarce-nazarce sun gano cewa hali kan sauya sannu a hankali. Galibin mutane kan ƙara natsuwa da riƙon alkawari yayin da suke manyanta.

Karɓa ba miƙa wuya ba ce

A 1989, Carol Ryff, wata masaniya a Amurka, ta zayyana ginshiƙai shida na lafiyar tunani, kuma amincewa da kai na daga cikinsu.

Masu suka na fargabar cewa wannan zai bai wa mai mugun hali hujjar ci gaba da cutar da jama'a.

To amma Albert Ellis, wanda ya ɓullo da tasa hanyar magance damuwa a 1955, ya bambanta mutum da aikinsa: ana iya yin tir da aikin ba tare da an yanke wa mai shi hukuncin cewa ba shi da amfani ba.

Shi ma Rogers ya lura cewa wanda ya amsa cewa yana da saurin fushi ya fi kusa da shawo kansa a kan wanda ke musantawa.