Karen Barnawa, kindirmo da tarihin firobayotik

Tun da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, unguwannin ƙetaren kogi suka riƙa cika da ma'aikata daga sassa daban-daban na Najeriya, kuma da yawansu sun zo da al'adar kiwon kare a gida. Shi ya sa yau a Barnawa, Narayi ko Sabon Tasha ba baƙon abu ba ne a kai kare wurin likitan dabbobi, a ba shi antibayotik, ciwon ya lafa, sai zawo ya biyo baya. Maganin ba ya bambance baƙo da ɗan gida: ya kashe ƙwayoyin cuta, ya haɗa da masu amfani da ke cikin hanji.

Tunanin mayar wa hanji ƙwayoyinsa ya daɗe. A 1907 Élie Metchnikoff, na cibiyar Pasteur a Faris, ya ce ƙwayoyin da ke sa madara tsami suna gyara ciki, yana kafa hujja da manoman Bulgeriya masu shan madara mai tsami. Amma a wajen dabbobi tunanin ya samu gindin zama. A 1973, a Finland, Nurmi da Rantala suka ba 'yan tsaki abin da ke cikin hanjin lafiyayyun manyan kaji, sai ƙwayar Salmonella ta kasa samun mazauni a cikinsu. Ma'anar firobayotik da Roy Fuller ya bayar a 1989 ma a kan abincin dabba ta tsaya, ba na mutum ba.

Mai kare a Kaduna yana iya cewa ai muna da kindirmo, wanda matan Fulani suka daɗe suna haɗawa da ragowar tsohon nono. Da gaskiyarsa, amma ba duka ba. Babban kare ba ya narkar da sukarin madara sosai, kuma ƙwayoyin kindirmo bakteriya ne, antibayotik na iya gamawa da su idan aka ba su tare.

Nan ne binciken Henri Boulard ya fi burge ni. A 1923 wannan Bafaranshe ya ware wani yisti daga ɓawon 'ya'yan itatuwa a yankin Indochina, wanda yanzu ake kira Saccharomyces boulardii. Da yake yisti ne, antibayotik ba ya taɓa shi, don haka ana iya ba kare shi a tsakiyar magani. Idan kuwa firobayotik na bakteriya ne, likitocin dabbobi kan ce a bar aƙalla awa biyu tsakaninsa da antibayotik.