Super Falcons da Hujjar "Babu 'Yan Kallo"

Duk lokacin da aka tayar da maganar kuɗin da ake biyan mata 'yan ƙwallon ƙafa, amsa ɗaya ake bayarwa: ba sa tara 'yan kallo, ba sa kawo kuɗi, don haka kasuwa ce ta yanke musu farashi. Masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da cewa FIFA ta raba dala miliyan 440 a gasar cin kofin duniya ta maza a Qatar a 2022, alhali ta mata a 2023 miliyan 110 aka raba. Hujjar tana da ƙanshin gaskiya, sai dai ta ɗauki sha'awar 'yan kallo a matsayin abin da aka halitta haka, kuma tarihi bai goyi bayan hakan ba.

A ranar 26 ga Disamba 1920, mutane kusan 53,000 suka cika filin Goodison Park na birnin Liverpool don kallon ƙungiyar mata ta Dick, Kerr Ladies. Shekara guda bayan haka hukumar ƙwallon Ingila ta haramta wa mata taka leda a filayen ƙungiyoyinta, kuma haramcin ya kai shekara hamsin. A wannan tsakanin ne ƙwallon maza ya gina filaye, ya kafa makarantun horar da yara, ya shiga rediyo da talabijin. Wanda ya rufe wa mata ƙofa rabin ƙarni, sannan ya ce ba su da magoya baya, ya dake su ne ya hana su kuka. Da aka buɗe ƙofar aka zuba jari, sai ga mutane fiye da 91,000 a Camp Nou har sau biyu a 2022 suna kallon matan Barcelona, ƙungiyar da Asisat Oshoala take ciki a lokacin.

Gaskiya ne maza sun fi mata gudu da ƙarfin bugu. Amma ɗan kallo ba gudu kaɗai yake nema ba. Mai son Kano Pillars ya san gasar Ingila ta fi sauri, duk da haka yana zuwa filin Sani Abacha, domin ƙungiyar tasa ce, ya san 'yan wasanta da tarihinta. Irin wannan shaƙuwa gina ta ake yi.

Inda hujjar kasuwa ta fi rauni shi ne a kan ƙungiyar ƙasa. Albashin kulob yana iya bin kuɗin shiga, amma alawus ɗin da hukuma ta yi wa ɗan wasa alkawari bashi ne. Super Falcons ba su taɓa fashin gasar kofin duniya ba tun 1991, kuma sun ɗauki kofin Afirka sau goma, Super Eagles kuwa sau uku. Duk da haka a 2004 sun yi zaman dirshan a otal a Afirka ta Kudu bayan sun ci kofi. A 2016 sun maimaita a Abuja, har suka yi tattaki zuwa Majalisar Dokoki ta Ƙasa. A 2019 a Faransa haka, a 2022 a Maroko suka ƙaurace wa atisaye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a waɗannan lokuta ba daidaito da maza suke nema ba, irin wanda matan Amurka suka samu a 2022. Haƙƙinsu da aka riƙe suke bi.

A Yulin 2025, bayan sun farke ƙwallo biyu sun doke Maroko 3-2 a Rabat, Shugaba Tinubu ya sanar da ba kowaccensu dala 100,000 da gida da lambar girmamawa. Sun cancanta. Amma kyauta tana zuwa ne ranar nasara, bisa ganin damar mai bayarwa, kuma ba ta kai ga yarinyar da ke buga gasar cikin gida. Rubutacciyar yarjejeniya mai ƙayyade adadi da ranar biya ita ce abin da 'yar wasa za ta iya dogara da shi.

A Arewa batun ya fara ne tun kafin albashi. Namiji yana da lungu da filin makaranta tun yana ɗan shekara biyar, mace kuwa da wuya ta samu fili, sannan a ce ba ta da sha'awa. Damuwar iyaye game da sutura da cuɗanya abin girmamawa ce, kuma tana da mafita: tun 2014 dokokin wasa suka yarda da rufe kai, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da hijabinta. Makarantun sakandare na mata zalla, masu katanga da malamai mata, suna nan a jihohinmu, kuma gasa a tsakaninsu ba ta buƙatar fiye da ƙwallaye, mai horarwa da motar da za ta kai su.